Kafin a ɗaura wa tsohuwar tarakta batir

Idan ritaya ta ƙarato, ma'aikata da dama a Abuja sukan sayi ƙaramar tarakta ta hannu domin gonakinsu na Kuje ko Kwali. Wani lokaci takan iso babu batir, wayoyinta biyu suna reto, launinsu ya koɗe. A nan asara take laɓewa.

A motocin yau, kan batir mai alamar ragi ake haɗawa da ƙarfen jikin mota, abin da rewaya ke kira as. Tsofaffin taraktoci ba duka suke haka ba. Ford 8N, wadda aka ƙera a Amurka daga 1947 zuwa 1952, kai mai alamar tarawa ne as ɗinta.

Inji mai altaneta kuwa, idan aka juya masa wayoyi, nan take altanetar kan ƙone. Shi ya sa gwanaye ba sa dogara da launi. Sukan bi wayar da aka ɗaure a ƙarfe, su duba faɗin bakinta, domin a yawancin batura kan tarawa ya fi kauri. Wajen cirewa, da as suke farawa. Wajen ɗaurawa, ita ce ta ƙarshe, don kada sifana ta ta da tartsatsi.