Babur Na Hannu: Aibin Da Aka Ɓoye Da Haƙƙin Da Ke Biyo Bayansa

A ƙasar arewacin Kano, daga Dambatta da Makoɗa zuwa Kunchi, Bichi da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona kuma ƙauye ke hangen ƙauye, babur ya gaji aikin jaki, ya kuma ƙara da nasa. Shi ke kai taki gona da bazara, shi ke fito da tumatir da albasa daga fadamun Thomas da Watari zuwa bakin titi, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, karkara ta ci gaba da dogaro da babur, domin hanyoyinta ba su san wata mota ba. Daga 2023 kuwa, da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin magidanta da yawa. Sai jama'a suka karkata ga na hannu, a ƙananan shaguna da rumfunan dillalai na garuruwanmu.

Wannan ciniki halal ne, kuma masu yin sa suna toshe wata ɓaraka ta gaske. Sai dai a cikinsa ne ake yawan kawo mana ƙara a zaure, kuma kusan kullum tushen rigimar guda ne: aibin da mai sayarwa ya sani, ya yi shiru.

Bayan kakar bara, wata rana da la'asar sakaliya, mutum biyu suka same ni a ƙofar masallaci. Ɗaya manomi ne da ya turke sa tun kafin damina, ya kai shi kasuwar Dambatta ya sayar, ya haɗa da kuɗin buhunan gero ya sayi Boxer na hannu, domin babban ɗansa ya riƙa acaɓa yana tallafa wa gida. Ɗayan shi ne mai shagon. Manomin ya ce, "Allah gafarta Malam, kwana uku kacal ya yi a hannunmu ya fara hayaƙi yana shan mai. Da bakanike ya buɗe, sai ya ce fistin da ringi sun daɗe da cinyewa, an zuba masa baƙin mai mai kauri ne don ƙarar ta kwanta." Mai shago ya ce, "Malam, ni ban ɓoye masa babur ba. Na ce ya duba, ya hau ya zaga. Kuma kowa ya san ƙa'idar shagona, kaya in ya fita ba ya dawowa." Na ce masa, "Alhaji, tambaya ɗaya zan yi maka, tsakaninka da Allah. Ranar da ka sallama, ka san halin da injin nan yake ciki?" Ya sunkuyar da kai, bai amsa ba.

Nono a hantsa, mai a inji

Wannan dabara ba sabuwa ba ce, kayan aikinta ne kawai suka canja. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai masu barin raƙuma ko akuya kwanaki ba a tatse ta ba, don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Annabi ya hana haka, ya kuma ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon. Abin lura shi ne mai sayar da dabbar bai furta ƙarya da bakinsa ba, hannunsa ne ya yi ƙaryar, amma shari'a ba ta ƙyale shi ba. Malamai suna kiran wannan tadlisi, wato lulluɓe aibi ko ƙawata kaya da abin da ba ya cikinsa. Mai kauri a injin da ya gaji, fenti a kan wurin da aka yi walda bayan haɗari, da mayar da mitar tafiya baya, duk 'yan gida ɗaya ne da waccan hantsar.

Haka kuma Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya kan tafarkinsa. Ba a zargi mutumin don abincinsa ya jiƙe ba, an zarge shi ne don ya binne jiƙar. Saboda haka babu laifi ga wanda ya sayar da babur mai hayaƙi, matuƙar ya ce yana hayaƙi.

"Ka gani, ka saya"

Hujjar da masu shago suka fi riƙewa ita ce sun ba mai saye dama ya duba, kuma sun sharɗanta ba a dawo da kaya. A mazhabar Imamu Malik, wadda littattafanta irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil ake karantawa a zaurukanmu, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ya siffanta shi ko ya nuna shi da yatsa. Bai isa ya dunƙule magana ba, kamar ya ce "tsohon ƙarfe ne, komai na iya faruwa," alhali ya san takamaiman abin da ya lalace. Irin wannan kalma tana sa mai saye ya ɗauka tawali'un 'yan kasuwa ne kawai.

Imamu Malik ya kawo wani hukunci a Muwaɗɗa da ke haskaka mas'alar. Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800, da sharaɗin ya kuɓuta daga duk wani aibi. Daga baya mai saye ya gano wata cuta, suka je gaban Halifa Usman ɗan Affan. Usman ya hukunta Ibn Umar ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawan ya mayar da kuɗi, daga bisani kuma ya sayar da shi a kan dirhami 1,500. Darasin a fili yake: sharaɗin "ba dawowa" bai rufe ƙofar tambaya a kan abin da mai sayarwa ya sani ba. Gaskiya ne Hanafawa sun faɗaɗa wajen zartar da irin wannan sharaɗi a gaban alƙali, amma babu wani malami da ya ce ɓoye aibi da gangan halal ne.

Abin da mai saye yake da shi

Wanda ya gano tsohon aibi da ke rage darajar babur, kuma bai san da shi ba lokacin ciniki, yana da zaɓi: ya riƙe yadda yake, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kuwa wani sabon aibi mai tasiri ya auku a hannunsa, misali ya faɗi tanki ya lotsa, to ko dai ya mayar tare da biyan abin da sabon aibin ya rage, ko ya riƙe a dawo masa da ƙimar tsohon aibin. Ana fitar da ƙimar ne da bakin masana sana'ar. In suka ce lafiyayye ya kai naira 600,000, mai aibin kuma naira 500,000, to aibin ya cinye kashi ɗaya cikin shida, sai a mayar masa da kashi ɗaya cikin shida na abin da ya biya.

Kuɗin acaɓar da ya samu kafin ya gano aibin nasa ne, ba a neman ya mayar. Dalili shi ne ƙa'idar da ta zo a hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa amfanin abu yana bin wanda lamuninsa ke wuyansa: da babur ɗin ya ƙone a waɗannan kwanaki, shi zai yi asara.

Sai dai wannan haƙƙi yana faɗuwa. Malikawa sun ce wanda ya ga aibin dabba sannan ya ci gaba da hawanta ba tare da larura ba, ya nuna ya yarda. Wanda ya ga hayaƙi ranar Talata, ya ci gaba da lodi har wata biyu, sannan ya turo babur shago yana neman kuɗinsa, ya raunana hujjarsa da kansa. Kuma wanda ya bar inji babu mai har ya buga, sannan ya rantse haka ya saye shi, shi ne mai algus a wannan karon. Haka manomin da ya kai tsohon baburinsa wa mai shago ya ɓoye cewa ya taɓa nutsewa a rafi. Hukuncin bai san mai shago ko mai gona ba, ya san mai ɓoyewa ne kawai.

Dillali da mai tayin ƙarya

Dillali amintacce ne, kuma la'adarsa halal ce in an san ta an yarda da ita. Amma in ya san aibi ya yi shiru don kada ciniki ya watse, ya shiga cikin zunubin. Haka wanda ake ajiyewa a gefen rumfa ya riƙa taya babur da tsada alhali ba saye zai yi ba, don mai shago ya ce albarka, baƙo kuma ya ƙara. Wannan shi ne najashu, kuma hani a kansa ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Ibn Umar.

Aibin da ya fi hayaƙi

Akwai aibin da bakanike ba ya gyarawa, wato babur ya kasance na sata. A fiƙihu, in mai shi na asali ya zo da hujja, zai karɓi abinsa ba tare da ya biya ko kwabo ba, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa. In wancan baƙo ne da aka haɗu da shi ranar kasuwa, to an yi biyu babu, ga kuma zaman amsa tambayoyi a ofishin 'yan sanda, domin karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar ƙasa. Araha mai yawa ba tare da takardu ba alama ce da mai hankali ba ya rufe ido a kanta. A nemi rasidin asali, a gwada lambar inji da lambar jikin babur da abin da ke rubuce, a duba ko an kankare su.

Mafita mai sauƙi

Mafi yawan wannan rigima takarda guda za ta kashe ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubuta bashi, ta kuma yi umarni da kafa shaidu a ciniki. A rubuta sunan mai saye da mai sayarwa, lambobin babur, farashi, da kowane aibi da sunansa, shaidu biyu su sa hannu. In biya kaɗan-kaɗan ne, a yanke farashi ɗaya da wa'adi tun a zaman ciniki. Ƙarin farashi saboda jinkiri ya halatta a wurin jumhurun malamai in an yanke shi tun farko, amma ƙara wani abu daga baya don an makara riba ce. Mai saye ya zo da bakaniken da ya yarda da shi, a tayar da injin da safe yana sanyi, a duba man da ke ciki. Ya kuma nemi sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji, domin ciniki da zaɓi na ɗan lokaci sananne ne a shari'a. Wannan takarda kariya ce ga mai shago ma, domin aibin da aka rubuta ba a dawowa da shi.

Mutanen nan biyu ba su kai ga kotu ba. Bayan sallar magariba mai shagon ya dawo shi kaɗai, ya ce, "Malam, na sani. Ni na sa yaro ya canja man." Washegari aka kira bakanike biyu suka ƙiyasta, manomin ya zaɓi ya riƙe babur, mai shago ya ɗauki nauyin gyaran injin gaba ɗaya. Abin da ya kashe ya fi ribar da ya ci a cinikin, amma ya sauke haƙƙin tun a duniya, inda ake biya da naira.

Hakim ɗan Hizam ya ruwaito daga Annabi cewa masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka, in kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar cinikinsu. A garuruwa irin namu, inda mai saye da mai sayarwa suke haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a, kuma labari ke riga babur isa ƙauye na gaba, ana ganin gaskiyar wannan tun kafin a je lahira. Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya sa mu cikin masu bayyanawa. Allah ne Mafi sani.