HAWAN KEKE A BISA DUWATSU

A Masanawa, da sauran garuruwan ƙasar Kabo da Gwarzo, keke abin hawan kowa ne. Manomi yakan ɗora masa buhun dawa ya nufi kasuwa, yaro yakan hau shi zuwa makaranta. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tsayinta daga teku kamar mita 500 ne zuwa 600, don haka mahayi yakan yi tafiya mai nisa bai jigata ba.

Amma ba duk ƙasa ce haka ba. Garin Jos tsayinsa wajen mita 1,200 ne. Dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Wanda ya hau keke a irin waɗannan wurare yakan gaji da wuri. Dalilin kuwa biyu ne.

Na fari shi ne hawa. A kan tudu, ƙafa ce ke tura nauyin mutum da na keke zuwa sama. Domin wannan ne aka ƙera keken hawan dutse, mai faffaɗar taya da giya da yawa da birki mai ƙarfi. A Kalifoniya ta Amurka aka fara shi, a shekarun 1970. A 1996 aka sa tserensa cikin wasannin Olimfik.

Na biyu shi ne iska. A cikin iska akwai wani sashe da ake kira oksijin. Huhu ke karɓarsa, jini ya kai wa tsoka, sa'an nan ta sami ƙarfin aiki. To, gwargwadon yadda mutum ya yi sama, gwargwadon yadda iska ke raguwa. A tsayin mita 5,500, abin da numfashi ɗaya ke kawowa bai wuce rabin na bakin teku ba. Shi ya sa baƙo ke haki, zuciyarsa na bugawa da sauri.

Sai dai jiki yakan saba. In mutum ya yi 'yan makonni a wuri mai tsayi, jininsa yakan ƙara jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar oksijin. Birnin Asmara na Eritiriya ya haura mita 2,300, kuma nan aka haifi Biniam Girmay, wanda ya ci koriyar riga a babban tseren keke na Faransa a 2024.

Mahayi mai hankali ba ya kama hawa ranar da ya sauka. Yakan huta kwana biyu ko uku tukuna. In ya tashi, sai ya sa giya mai sauƙi, ya taka a hankali. Yakan sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama shi ba, ya ci ɗan dabino ko ayaba. Yakan riƙe rigar sanyi, ya kuma duba birkinsa, gama gajiyayye ne ya fi faɗuwa a gangara.

In an wuce mita 2,500, wani yakan ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Wannan ba gajiya ce kawai ba, cuta ce, har takan yi kisa in aka ci gaba da hawa. Lalle ne mutum ya tsaya, in bai sami sauƙi ba ya sauko. Dutse yana nan gobe, kuma sannu ba ta hana zuwa.