Wayarka Tana Aiki Ko Tana Cikin Aljihu

"Jiya na sayi data, ban kalli komai ba, yau an ce ta ƙare." Ƙorafin da ake ji ke nan kullum a shagon caji da majalisa, kuma kamfanin layi ake ɗora wa laifi. Wani lokaci mai ƙorafin yana da gaskiya, amma sau da yawa ɓarawon yana cikin gida.

Fita daga manhaja ba ya nufin ta daina aiki. Tsarin da ke tafiyar da na'ura, Android ne ko Windows, yana rarraba aiki tsakanin manhajoji da yawa cikin saurin da mutum ba ya lura. Wadda ke kan allo ita kake gani, sauran suna bayan fage. Da haka ne saƙon WhatsApp ke shigowa waya tana aljihu, ƙararrawa ta tashe ka da asuba, karatun da ka kunna ya ci gaba bayan allo ya mutu. Wannan duk alheri ne.

Damuwar ita ce waɗanda ke aiki ba ka sa su ba. Idan saitin waya ya ba su dama, Play Store na sabunta manhajoji, WhatsApp na sauke duk bidiyon da aka turo a guruf ɗin 'yan uwa ko ba ka buɗe ba, Google Photos na kwashe hotunanka zuwa intanet. Wanda ya jona kwamfuta da datar waya kuwa, Windows na iya fara sabunta kanta ta shanye datar wata guda kafin a gama shan shayi.

Data ma da sauƙi, ana sayen wata. Sirri fa? Sai a Android 9, a 2018, aka hana manhajar da ke bayan fage taɓa kyamara da makirufo. Android 10, a 2019, ta ba mutum zaɓin kada manhaja ta san inda yake sai lokacin da yake amfani da ita. Android 12, a 2021, ta kawo koren ɗigon nan da ke fitowa a saman allo idan ana amfani da kyamara ko makirufo. Mai tsohuwar waya ba shi da wannan kariyar. Mun kuma ga abin da wasu manhajojin bashi suka yi a Najeriya: su kwashe lambobin da ke wayar mutum, ranar da ya makara biya su tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. A 2023 Google ta haramta wa irinsu taɓa lambobi da hotuna, amma dokar ba ta kai ga manhajar da aboki ya turo maka ta Xender ba.

Manhajojin da ke alƙawarin share waya da sanyaya batir kuma, yawancinsu talla suke sayarwa, su ma a bayan fage suke zaune suna cin caji. Ba a ma buƙatarsu, don tun 2015 Android ke kwantar da manhajoji da kanta idan an ajiye waya.

Don haka jama'a, ku shiga saitin waya ku duba abin da kowace manhaja ta ci na data da batir. Ku kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, ku kunna Data Saver, ku goge manhajar da ba ku san ranar da ta shigo ba. Duk manhajar tocilan da ta nemi izinin ganin lambobinku, ku hana ta.