Gaskiya ko Jita-jita: Ciwon Zuciyar Mai Jego, Gado Ne ko Wanka?

A Saji da ƙauyukan Rano da Kibiya, idan mai jego ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, kowa da nasa bayani. Bari mu auna maganganu huɗu da aka fi yi.

"Ciwon zuciya ba ya bin jini." Jita-jita ce. A cikin tsokar zuciya akwai wani furotin mai suna titin, mafi girma a jikin ɗan Adam, mai aiki kamar igiyar roba wajen miƙewa da dawowa. Wasu kan gaji ƙwayar halittar da ke samar da shi a gutsure. Binciken da aka buga a 2016 kan mata 172 da zuciyarsu ta raunana a lokacin haihuwa ya gano irin wannan tawayar gado a kusan kashi 15 cikin 100, yawancinta a titin. Juna biyu kan tono raunin da ya daɗe a ɓoye.

"Ƙarancin furotin ne, a ba ta nama da wake ta warke." Jita-jita ce. Mai jego na buƙatar abinci mai gina jiki, amma tawayar da aka gada tana cikin ƙwayar halitta, tukunya ba ta gyara ta.

"Wankan jego da kunun kanwa ne kaɗai sanadi." Ba haka ba ne. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry a Zariya sun danganta cutar da waɗannan al'adu. Sai dai rajistar masu wannan cuta mai suna PEACE, wadda Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta nuna a 2020 cewa hawan jinin masu ciki da ramar jiki sun fi alaƙa da ita. Ta kuma gano cutar na iya kama har mace 1 cikin haihuwa 96 a Arewa maso Yamma. Duk da haka, gishirin da ke cikin kanwa kan tara ruwa a jiki, don haka mai raunin zuciya ta nisance ta.

"Tunda gado ne, sai haƙuri." Wannan ce jita-jita mafi haɗari. Ba duk wadda ta gaji tawayar ce take kamuwa ba, kuma mata da dama kan farfaɗo idan aka fara magani da wuri.

Saboda haka, idan mai jego ta kasa kwanciya rigingine, tana tari da dare, tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, a garzaya da ita Babban Asibitin Rano a nemi hoton zuciya. A gaya wa likita idan mahaifiyarta, yayarta ko ɗan'uwanta sun taɓa irin wannan ciwo, domin hakan kan sa a duba sauran dangi. Kafin wani cikin kuma, maigida ya raka ta su ji shawarar likita tare.