Kiɗan Da Aka Tarwatsa Ya Ƙi Mutuwa

Duk lokacin da ka wuce shagon cajin waya ka ji amapiano na tashi, ka sani cewa kiɗan nan yana da kakanni, kuma wasunsu sun sha wulaƙanci.

Ranar 12 ga Yuli, 1979, a filin wasa na Comiskey Park da ke birnin Shikago a Amurka, wani mai gabatar da shiri a rediyo ya tara dubban matasa. Aka jibge fayafayan disko a tsakiyar fili, aka tarwatsa su da nakiya. Disko kiɗan rawa ne da ya tsiro daga soul, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Ba a jima ba gidajen rediyo suka juya masa baya, kamfanoni suka rage buga shi.

Amma a cikin garin dai, a wani gidan rawa mai suna Warehouse, Frankie Knuckles bai daina sa shi ba. Da sababbin fayafai suka yi ƙaranci, sai ya riƙa yanka tsofaffin waƙoƙin disko da soul a kan tef, yana maimaita wurin da ya fi daɗi. Daga baya ya ɗora musu bugun na'urar ganga, bugu huɗu a jere kamar ana daka a turmi. Daga sunan Warehouse ne ake cewa kiɗan house ya samo sunansa.

A Detroit kuwa, garin masana'antun mota, abokai uku da suka haɗu a makarantar sakandare, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka gauraya kiɗan funk da na ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus. Abin da ya fito shi ne techno. Eh, 'yan sakandare kamarku suka fara.

Gudummawar reggae ita ta fi burge ni. King Tubby mai gyaran rediyo da amsa-kuwwa ne a Kingston ta Jamaika. Yakan ɗauki waƙar da aka gama, ya cire muryar mawaƙi, ya bar ganga da bas, ya sa sauran sautin ya riƙa amsa amo kamar ana magana a cikin rijiya. Wannan salo shi ne dub, kuma yana cikin tushen abin da ake kira rimiks yau. A 1993 wasu Jamusawa biyu a Berlin suka kafa Basic Channel, suka aurar da dub da techno.

Sai dai gaurayen nan yana da waɗanda ya cuta. A 1989 ƙungiyar Black Box ta Italiya ta yanko muryar Loleatta Holloway daga waƙarta "Love Sensation" ta 1980 ba tare da izini ba. Waƙarsu "Ride on Time" ta yi mako shida tana ta ɗaya a Birtaniya, alhali wata mata daban ce ke motsa baki a bidiyon. A ganina wannan ba aro ba ne, kwace ne. In kana haɗa kiɗa a wayarka ko kwamfutar yayanka, ka san muryar wa ka yanko, ka nemi izini.

House ya ƙetara teku ya sauka a unguwannin Johannesburg da Pretoria, ya ba da gudummawa wajen haihuwar kwaito, daga baya amapiano ya biyo. Shi ne mawaƙa irin su Asake suka yi wa ado da harshen Yarabanci.