Dara da Alƙalancin Kwamfuta

A unguwannin cikin ganuwar Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari har gindin Dala, dara wasa ce da ba ta buƙatar jari: gurabe talatin, layi biyar sau shida, a haƙa a ƙasa ko a sassaƙa a katako, sai 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wannan ya riƙe tsinkaye, wancan ya riƙe tsakuwa. Ba a jefa komai don neman sa'a, ba a ɓoye komai a hannu kamar karta. Duk abin da zai faru yana shimfiɗe a gaban kowa. Ba wanda zai iya faɗin sunan mutumin da ya ƙago ta. To yau ga shi kwamfuta na ƙago irin waɗannan wasanni da kanta, har tana yanke hukuncin wanne ne mai daɗi, wanne ne lami. Abin tambaya shi ne, da wane mudu take awo?

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Cameron Browne, wanda ya gina wata manhaja mai suna Ludi lokacin da yake digirin digirgir a Jami'ar Fasaha ta Queensland da ke Ostireliya. Ya farfasa dokokin wasanni zuwa ƙananan gaɓoɓi, kamar siffar fage, yadda ɗa ke tafiya da abin da ake kira cin wasa, sannan ya bar manhajar tana barbara tsakaninsu kamar yadda makiyayi ke haɗa irin shanu. Kowane sabon wasa ya fito, sai kwamfutar ta buga shi da kanta sau da dama, ta auna shi da ma'aunai 57. Cikin wasanni 1,389 da ta haifa, 19 kaɗai suka tsira. A cikinsu akwai Yavalath, wanda ya fito a 2007, kamfanin Nestorgames na ƙasar Sifen kuma ya sa shi a kasuwa a 2009. Dokarsa gajeriya ce: a fage mai gurabe 61, wanda ya jera huɗu ya ci, amma wanda ya jera uku kafin ya kai ga huɗun ya faɗi.

Ɗan dara ba zai ji wannan doka baƙuwa ba, domin nasa wasan ma a kan irin wannan takunkumi yake tsaye, sai dai a juye. A dara uku ake jerawa a cire ɗan abokin karawa, jera huɗu ba ya ci, kuma ba a yarda a haɗa ukun tun lokacin da ake zuba 'ya'ya ba. Cire waɗannan hane-hane, sai wasan ya zama tseren wanda ya riga farawa. Da su kuwa, ɗanka na iya tare maka hanya, abokin karawa na iya matsa maka har ka taka inda ba ka so. Abin da manhajar ta laluba cikin kwanaki, majalisun dara sun tace shi a tsawon zamunna: dokar da ta sa wasa ya yi tsawo har 'yan kallo su watse, ko ta sa ana yawan tashi canjaras, mutane sun yar da ita ba tare da an zauna taro ba.

Masu shakka za su ce na'ura ba ta san daɗi ba, ba ta taɓa jin zuciyarta ta buga don an kafa mata doki ba, wato tsarin nan da ɗa guda ke kai-komo yana ci a kowane taku. Gaskiya ne, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Ludi alamomin daɗi take ƙirgawa: ko wasan na kaiwa ƙarshe da mai nasara, ko rinjaye na sauya hannu, ko ana daɗewa ba a san wa zai ci ba, ko taku ɗaya na iya kifar da wanda ke sama. Waɗannan duk abubuwa ne da za a iya ƙidayawa, kuma su ne dai ke sa mai wucewa ya jingine kekensa ya tsaya kallo. Likita ma ba ya jin zazzaɓin majiyyaci a jikinsa, amma yana auna shi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na asalin mudun. Browne sai da ya sa mutane suka buga wasanni suka faɗi wanda suka fi so, sannan ya daidaita ma'aunansa da zaɓinsu. Ke nan hukuncin kwamfutar aro ne daga ɗanɗanon waɗanda aka tambaya, kuma ba a dakalin Kasuwar Kurmi aka yi tambayar ba. Mai yiwuwa ɗan darar Kano ya fi ƙaunar wasa mai sauri, wanda ke barin fili ga ba'a da zolaya da katsalandan ɗin 'yan kallo masu cewa “kai, ka kashe kanka!” alhali ba a tambaye su ba. Wannan ɓangare ba ya cikin dokoki, don haka manhajar ba ta ganinsa ko kaɗan.

Daga baya Browne ya koma Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan, inda daga 2018 ya jagoranci aikin tattara wasannin gargajiya na duniya a manhajar Ludii, har da gwada dokokin da suka ɓace don a ga wanne ne ke bugawa da kyau. Nan ne aikin ya fi shafarmu, domin dara ba doka ɗaya gare ta ba: fage na bambanta daga gari zuwa gari, makwabtanmu Zabarmawa kuma suna da tasu da suke kira dili. Kwamfuta za ta iya buga kowane salo sau dubbai ta nuna ko mai farawa na da fifiko, amma sai an samu wanda ya zauna da dattawan majalisa, bayan la'asar, ya rubuta dokokin yadda suke buga su.