Maƙeri a Wasannin Tarihi na Kwamfuta: Tsakanin Bakin Zuga da Bakin Kanti

Daga cikin abubuwan da zamani ya zo da su, waɗanda samarinmu suka runguma hannu bibbiyu har suka zame musu abin hira a majalisa, akwai wasannin kwamfuta irin waɗanda ake ginawa a kan tarihin al'ummomin da suka shuɗe, inda mai wasa zai hau matsayin wani jarumi, ya ratsa birane da ƙauyuka na ƙarnonin baya, yana yaƙi, yana fatauci, yana isar da saƙonni, har ya kai ƙarshen ƙissar da aka tsara masa. To, a galibin waɗannan wasanni akwai wani mutum wanda ba shi ne tauraron labari ba, ba ya cikin sarakuna ko malamai, amma tafiya ba ta miƙewa sai an yada zango a ƙofarsa, wato maƙeri, wanda a hannunsa ake sayen takobi da mashi da sulke da kwalkwali. Ya cancanci a yi bahasi a kan wannan bawan Allah, domin surar da aka ba shi a wasa ita ce surar da dubban yara za su riƙe a zukatansu game da sana'ar ƙira, alhali kuwa tsakaninta da abin da tarihi ya tabbatar akwai rata mai faɗi.

Misalin da ya fi shahara shi ne wasan Assassin's Creed II, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a shekarar 2009 daga reshensa na birnin Montreal a Kanada, aka kuma kafa labarinsa a ƙasar Italiya ta ƙarshen ƙarni na 15, cikin biranen Fulorans da Benis da wasunsu. Idan jarumin wasan, Ezio Auditore, ya isa rumfar maƙeri, sai a shimfiɗa masa jerin haja da farashinta da kuɗin fulorin, kowane makami an auna shi a kan abu uku, wato ƙarfin sararsa, da saurinsa a hannu, da iyawarsa wajen kare sarar abokin gaba. Sulke kuwa an raba shi gida huɗu, na ƙirji da na kafaɗa da na damtse da na ƙwauri, kowane yanki da ya ɗaura yana ƙara masa juriyar rauni, idan kuma ya sha sara har ya lalace, dole ya komo wurin maƙerin ya biya ladan gyara. A garin Monteriggioni, inda gidan danginsa yake, an ba mai wasa dama ya zuba dukiya ya gyara maƙerar garin, sakamakon haka a riƙa yi masa rangwame. Wasan da ya biyo baya a 2010, mai suna Brotherhood, ya faɗaɗa wannan tsari a birnin Rum, inda sai an karya ikon gidan Borgia a unguwa kafin a buɗe maƙerunta, na 2011 kuma ya kai shi Santanbul ta zamanin Usmaniyawa.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa waɗanda suka tsara wasan sun yi nazari, domin wasu daga cikin sunayen da suka laƙaba wa sulkunansu na gidajen ƙira ne na haƙiƙa. Sulken da suka kira Missaglias an jingina shi ga zuriyar Missaglia ta birnin Milan, wadda a ƙarni na 15, a hannun Tommaso da ɗansa Antonio, ta zama gidan sulke mafi suna a Turai, tana yi wa sarakunan Milan aiki, tana kuma aika kaya zuwa fadodin ƙasashe masu nisa. Wanda suka kira Helmschmied kuwa na wata zuriyar birnin Augsburg ne a Jamus, wadda babbanta Lorenz ya yi wa Sarki Maximilian na Ɗaya sulkunan da har gobe ake zuwa kallonsu a gidan tarihi na Biyana. A wasan Brotherhood kuma aka kawo sunan Seusenhofer, maƙeran fadar Innsbruck. Sai dai a nan ne gaskiyar ta tsaya, domin waɗannan gidaje ba su kasance rumfar mutum ɗaya a bakin titi ba. Gidan Missaglia kamfani ne na tijara mai ma'aikata da yawa, wani gwani ne a kwalkwali, wani a sulken hannu, wani aikinsa goge ƙarfe kawai har ya yi ƙyalli, shi ya sa akan ga tambarin maƙera daban-daban a jikin sulke guda.

Bisa haƙiƙa, abin da wasa ya dunƙule a jikin mutum ɗaya sana'o'i ne masu yawa, kowacce da ƙungiyarta da dokokinta da shekarun koyonta. Mai ƙera ruwan takobi daban yake da mai wasa shi, mai ɗora ƙota daban, mai ɗinka kube daban; mai saƙa sulken zobba, wanda riga guda takan ci masa dubban zobba da za a haɗa ɗaya bayan ɗaya, ba shi ne mai bugun sulken faranti ba. Biranen ma sun raba aikin a tsakaninsu, Milan da Augsburg da Nuremberg suka yi fice a sulke, Passau da Solingen da Toledo suka yi fice a ruwan takobi. Cikakken sulken barde, mai nauyin kilo 20 zuwa 25, idan na babban mutum ne sai an auna jikinsa gaɓa-gaɓa, a ɗauki lokaci mai tsawo ana bugu ana gwadawa, saboda faranti da ya matse gwiwa ko ya yi wa kafaɗa yawa yana iya zama ajalin mai shi a fagen fama. Sayarwa kuwa sau da yawa aikin attajirai ne, irin su Francesco Datini mutumin Prato, wanda ya fara tara dukiyarsa a birnin Avignon cikin ƙarni na 14 da cinikin makamai da sulken da yake sarowa daga Milan da wasu garuruwa, ba tare da ya taɓa riƙe masaba ba. Shi kuwa maƙerin ƙauye, wanda shi ne mafi yawa a ko'ina, rayuwarsa ta ƙare ne a kan garma da lauje da ƙusa da takalmin doki.

Wannan rabon aiki ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasar Hausa, bal ma akwai igiyar da ta ɗaure tarihinmu da na waɗancan birane. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a shekarar 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 kowace shekara, galibinsu ƙirar Solingen, waɗanda suka keto Sahara a bayan raƙuma, sa'an nan a Kano a ɗora musu ƙota, dukawa su yi musu kube da jar fata, fatake su watsa su cikin ƙasashe. Ke nan takobin da barde ya rataya ya ratsa hannun maƙeri a Jamus, da ɗan kasuwa a Tarabulus, da madugu, da maƙerin Kano, da baduku, da dillali, kafin ya iso kafaɗarsa. Littafin tarihin sarakunan Kano kuma ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kayan da suka kasance a taskar sarki yana raba wa bayinsa da baradensa. Maƙeranmu su ma sun kasu, akwai maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, Sarkin Maƙera yana bisa kansu, shi ne mai karɓar umarnin fada idan ana shirin yaƙi.

Masu tsara wasa suna da uzurinsu, kuma uzuri ne karɓaɓɓe. Wasa yana tafiya ne bisa wata da'ira, mai wasa ya yi aiki ya sami kuɗi, ya sayi makamin da ya fi na hannunsa, ya tunkari abokin gaba da ya fi na jiya, ya sake samun kuɗi. Da za a ce sai ya jira watanni kafin a gama masa sulke, ko ya zagaya rumfuna biyar domin takobi ɗaya, da da yawa sun ajiye wasan. Saboda haka aka mai da maƙeri ma'aunin ci gaban jarumi. A wasannin baya-bayan nan na silsilar Assassin's Creed an ɗan sauya masa matsayi, ya koma mai ɗaukaka darajar makamin da kake da shi: haka yake a Origins na 2017 a Misira ta zamanin Kiliyobatira, da Odyssey na 2018 a ƙasar Girka, da Valhalla na 2020, inda maƙeri Gunnar yake da suna da hali da gurbi a cikin labari, da kuma Mirage na 2023, wanda aka kafa a Bagadaza ta Abbasiyawa cikin ƙarni na 9. Abin lura shi ne a wannan ƙarni da wannan daula ne failasufi Alkindi ya wallafa wa Halifa Mu'utasim risala a kan takubba, yana rarrabe nau'o'in ƙarfe da ƙasashen da ake ƙera su, abin da ke nuna cewa ƙira ilmi ce da manyan malamai ba su ga ƙasƙanci ba wajen rubutu a kanta.

Akwai kuma waɗanda suka nuna cewa ana iya kusantar gaskiya ba tare da wasa ya rasa armashinsa ba. Ghost of Tsushima na 2020, wanda ya ɗauko harin Mongol a kan tsibirin Tsushima na Japan a 1274, ya ware mai takobi daban, mai sulke daban, mai baka daban. Amma wanda ya fi kowa himma shi ne Kingdom Come: Deliverance, na kamfanin Warhorse da ke birnin Prague, wanda ya fito a 2018, labarinsa kuma yana ƙasar Bohemiya a shekarar 1403. Jaruminsa Henry ya tashi ne a gidan maƙerin ƙauyen Skalitz, aikinsa na farko kuwa aiken uba ne: ya karɓo bashi wurin wani mutum mai taurin kai, ya sayo gawayi, ya karɓo makarin ƙota daga fada, domin a ƙarasa takobin da ake yi wa hakimin yankin. A cikinsa ana yin ciniki da tayi da ragi, idan mai wasa ya matsa da yawa mai haja ya fusata. Idan takobi ya dakushe sai a zauna a gaban dutsen washi, ana taka shi da ƙafa yana juyawa, a karkata kaifin daidai har tartsatsi ya tashi, in an kuskure kwana kuwa a ƙara dakusar da shi. Kashi na biyu da ya fito a 2025 ya kai mai wasa har bakin zuga, ya hura wuta, ya lura da launin ƙarfe kada ya ƙone, ya buga a kan uwar maƙera yana jujjuyawa, ya tsoma a ruwa ko mai. Wanda ya yi wannan, ko da a allo ne, ya fara fahimtar dalilin da ya sa takobi yake da tsada.

Abu biyu ne suke salwanta idan aka mai da maƙeri mai tsaron kanti kawai. Na farko shi ne darajar aikin hannu, wadda addininmu ya ɗaukaka, tun da Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum da sunan ƙarfe, ya kuma ba da labarin yadda Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda, alaihis salam, ƙarfe, ya sanar da shi saƙar sulke, ya umarce shi da kyautata gwargwado a cikinta. Daga cikin magabatan sahabbai kuma akwai Khabbab ɗan Aratti, Allah ya yarda da shi, wanda maƙerin takubba ne a Makka. Na biyu shi ne amana, domin maƙerin wasa yana sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi, ba ya tambayar wa za a sara, alhali al'ummomi da yawa ba su saki cinikin makami haka ba. Malaman fiƙihu sun hana sayar da makami a lokacin fitina ga wanda aka san zai zub da jini da shi bisa zalunci. A Turai ma hukumomin birane irin su Augsburg da Nuremberg suna duba sulke su buga masa hatimin gari kafin ya fita, majalisar cocin Rum ta 1179 kuma ta haramta wa mabiyanta kai wa Musulmi makamai da ƙarfe, abin da ke nuna yadda kowane ɓangare ya ɗauki wannan ciniki a matsayin al'amarin mulki. A zamanin da yaɗuwar makamai ta zame wa ƙasashenmu annoba, bai kamata yaro ya tashi yana ganin takobi da bindiga haja ce kamar kowace haja ba.

Saboda haka kirana ga samari ma'abota waɗannan wasanni shi ne su ɗauki kowane suna da suka gani a rumfar maƙeri a matsayin ƙofar bincike, su nemi tarihinsa, sa'an nan su taka zuwa maƙerar unguwarsu su zauna awa guda, su ga yadda ake sarrafa zugazugi da awartaki da masaba, su tambayi dattawan sana'ar yadda kakanninsu suke narka tama. Iyaye da malamai kuma su zauna da yaran su tattauna abin da suke gani, domin hani kaɗai ba ya ilmantarwa. Matasanmu da Allah ya hore wa ilmin tsara wasannin kwamfuta kuwa, ga Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Damagaram nan da tarihinsu, ga kasuwar Kurmi, ga ayarin Sahara. Ranar da suka tashi gina wasa a kan wannan gado, su ba maƙeri suna da gida da almajirai, su sa baduku da dillali a gefensa, su nuna guminsa kafin su nuna farashinsa. Allah ya sa mu dace.